Furen Da Na Kai Wa Goggo A Ingila

Jama'a, masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To ni kam sai da na shafe sama da sa'a shida a cikin jirgin sama, na ƙetare hamada da teku, sannan na san abin da ya faru da ni a bayan garinmu Zariya, wurin da ɗan acaɓa zai kai mutum cikin 'yan mintoci. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari, domin kuwa sirrin gidanmu ne. Amma da na tuna akwai dubban mata irina da suke bin wata baiwar Allah da bashin godiya, sai na ce bari dai in ɗauki alƙalami, ko Allah Ya sa wata ta amfana.

Duk wanda ya san Zariya ya san Wusasa, unguwar nan da ke kusa da dutsen Kufena. Nan ne 'yan mishan na su Likita Mila suka koma a 1929, bayan sun yi shekaru a cikin birni tun daga 1905. Suka gina coci ta ƙasa irin ginin Hausa, da makaranta, da asibiti. Wan kakana yana cikin yaran da suka shiga makarantarsu, ya karɓi addininsu, ya bi su can. Kakana kuwa ya zauna cikin birni a kan Musulunci. Ka ji yadda gida ɗaya ya rabu biyu. 'Yar wan kakan nan nawa ita ce muke kira Goggo.

Abin da na tashi na sani shi ne, mahaifiyata ta rasu ina jaririya, kuma na ɗan zauna a hannun Goggo kafin Baba ya sake aure ya ɗauko ni. Iyakar abin da aka gaya mini ke nan. Da Sallah takan aiko mini da atamfa, da Kirsimeti mukan je mu gaishe ta mu ci shinkafa mu dawo. Da na yi aure na koma Kano, sai zumuncin ya koma na waya, daga baya ma wayar sai an kwana biyu. Ba faɗa muka yi ba, sakaci ne kawai irin namu na 'yan zamani.

KIRAN YAYA

A farkon 2019 sai ga waya daga Ingila. Babban ɗan Goggo ne, wanda nake kira Yaya ko da yake wata huɗu kacal ya ba ni. Shi limamin coci ne, aikin bishara ya kai shi birnin Bamingam tare da matarsa. Abin mamaki, Turawan da suka kawo wa kakansa addini, yau jikan ne ya je yana yi musu wa'azi a ƙasarsu. Ya ce mini, "Ƙanwata, Allah Ya amsa. Antinki ta kusa sauka." Wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki, domin shekararsu 11 da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ya ce yana son Mama ta zo jego, amma ga tsufa, ga ciwon gwiwa, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Tunda ni na saba fita saro kaya, ko zan taimaka in rako ta?

Na yi shiru ina lissafin shago da yara. Da dare na gaya wa maigida, ina tsammanin zai ce a'a in huta. Sai ya ce, "Zumunta a ƙafa take. Matar da ta riƙe ki kina marainiya ai ba a yi mata lissafi. Ki shirya." Haka aka yi ta faman neman biza har Allah Ya sa aka samu. Kafin mu tashi Anti ta sauka lafiya, an sami 'ya mace.

Ranar tafiya kuwa an sha dirama. Goggo ta cika jaka da kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da garin kunu, da yajin jego mai citta da kanumfari da masoro. Ta kuma ƙunso kilishi wai na ɗanta. Da ƙyar na shawo kanta ta bar shi, don dokar Ingila ta hana shiga da nama ko madara daga ƙasashenmu. Ta ce, "Wace irin ƙasa ce wannan da ake tsoron kilishi?" Ni kuma a ɓoye na jefa ƙullin jar kanwa a jakata, ina ganin na yi dabara, domin ina jego ba kunun kanwa?

JEGO A ƘASAR SANYI

Mun sauka Landan a tsakiyar watan Maris, Yaya ya ɗauke mu a mota zuwa Bamingam, tafiyar sa'a biyu da 'yan kai. Sanyi kuwa ba a magana, wai a hakan ma hunturu ya wuce. Gidan ɗan ƙarami ne a jikin coci, ba tsakar gida, ba murhu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana. Da Anti ta ga Goggo sai ta fashe da kuka, ta miƙa mata jaririya. Goggo ta karɓa ta daɗe tana kallonta, bakinta yana motsi, ba ta ce uffan ba.

Dole in faɗi gaskiya, Yaya da matarsa sun mutunta ni. Tun kafin in iso ya nemi inda alƙibla take ya sa alama a ɗakin da zan kwana, ya ajiye buta da darduma. Nama kuwa sai ya je shagon halal yake sayowa, domin Bamingam gari ne mai Musulmi da yawa. Ranar Juma'a shi da kansa ya kai ni babban masallacin garin ya jira ni a mota. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini in leƙa coci ba. Aikin nasa ma na gan shi da idona: ban da wa'azin Lahadi, yana raba abinci ga mabuƙata, yana kuma zagayen gidajen tsofaffi. Ya ce akwai tsohuwar da takan yi mako ba ta yi magana da kowa ba sai shi, alhali kuwa tana da 'ya'ya uku a raye. Na ce, "Subhanallahi, a ƙasar da ake da komai?" Ya ce, "Ana da komai, ban da lokaci."

Wankan jego a can sai ka yi dariya. Babu ganyen runhu, babu darbejiya, babu tukunyar da za a ɗora a itace. Ruwan famfo ne mai zafi a cikin baho, Goggo tana gasa mata jiki da tawul. Unguwarzomar gwamnati takan zo har gida ta duba uwa da 'ya, ta auna jini, ta tambayi mai jego ko tana cikin damuwa. Na lura Goggo ba ta barin ruwan ya yi zafin da muka saba, sai ta sa gwiwar hannu ta gwada. Na ce a raina tsufa ne ya sa ta sanyi.

DAREN KANWA

Rana ta biyar da dare, Yaya ya tafi taro, Anti ta samu barci, sai na shiga kicin na fito da ƙullina zan dama kunu. Goggo ta shigo tana dogara bango. Da ta ga abin da ke hannuna sai fuskarta ta canza, irin canjin da ban taɓa gani ba.

"Mene ne wannan?"

"Kanwa ce, Goggo. Na ce a dama wa Anti ko ruwan nono ya ƙaru."

"Mayar da ita. Kada ta kwana a gidan nan."

Na ce, "Haba Goggo, ai da ita aka yi jegonmu duka." Sai ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Zauna, 'yata. Kanwar nan ita ta ci uwarki."

Jikina ya yi sanyi. Ta ce mahaifiyata ta haihu lafiya lau, aka shiga yi mata wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa, ana kwantar da ita a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ana ɗura mata kunun kanwa kwano-kwano, duk don ƙauna, wai kada sanyi ya shige ta. Kafin arba'in sai ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara, ba ta iya kwanciya sai a zaune. Aka ce sanyi ne, aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Ranar da aka kai ta asibiti zuciya ta riga ta gaji.

Mai karatu, wannan ba tatsuniya ba ce. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da ciwon zuciya da kumburi a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da kunun kanwa da tsananin zafin nan. Dalili kuwa shi ne, kanwa tana ɗauke da sinadari irin na gishiri mai yawa, wanda ke sa jiki ya tara ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki, ga ta dama ta sha wahalar ciki da naƙuda. Saboda haka duk mai jegon da ta ga kumburi ko haki, don Allah a garzaya da ita asibiti, kada a ƙara mata wuta.

Goggo ta ci gaba. Ta ce ta zo ta'aziyya cikin birni rana ta uku, goye da Yaya yana ɗan wata biyar. Tana zaune cikin mata sai ta riƙa jin wani kuka siriri kamar na 'yar kyanwa daga ɗakin kakata. Ta shiga ta tarar an ba ni madarar shanu ta ɓata mini ciki, idona ya faɗa, maɗiga ta lotsa. Ta ce ba ta yi shawara da kowa ba, ta sauke Yaya ta ɗauke ni ta sa a ƙirji. Na kama, na sha, na yi barcin da ban yi ba cikin kwana uku.

Nan fa gida ya ɗauki surutu. Wasu suka ce ina aka taɓa kai 'yar malam Wusasa? Wasu suka ce gara a nemi wata. Aka nema ba a samu ba. Da magariba Baba ya kira ta zaure, kansa a sunkuye, ya ce, "Yaya, ga amana nan na ba ki. Amma kin san addinina." Ta ce masa, "Malam, nono zan ba ta, ba addini ba."

Shekara biyu tana shayar da mu, shi a dama ni a hagu, har unguwa ta sa mana suna tagwayen Goggo. Sai a lokacin na tuna lallai na sha jin tsofaffin Wusasa suna kirana 'yar tagwaye, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta ce ranar Lahadi idan za ta coci, sai ta kai ni gidan wata maƙwabciyarta Musulma ta ajiye. Da na isa shekara huɗu ita ta saya mini allo, ta riƙa kama hannuna tana kai ni makarantar malam, ta biya kuɗin Laraba daga cinikin ƙosanta. Ina shekara biyar Baba ya aiko a ɗauke ni.

Na ce, "Goggo, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini?"

Ta ce, "Babanki surutun dangi ya guda, ni kuma ba na son ki ɗauka bashi nake bin ki. Ranar da aka tafi da ke ban fito rakiya ba. Kin tuna? Ina bayan ɗaki. Sai da na yi wata guda ina zuba tuwo kwano biyu."

Ban san lokacin da na sulale ƙasa na kifa kaina a gwiwarta ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara 41 ina kallon matar nan a matsayin wata goggo ta nesa da ake gaisarwa da Kirsimeti, ashe naman jikina daga jikinta ya fito. Kuma duk wanda ya yi karatun addini ya san hukuncin shayarwa: wadda ta shayar da kai kana jariri uwarka ce, 'ya'yanta 'yan'uwanka ne, aure ya haramta a tsakaninku kamar yadda jini ke haramtawa. Ashe Yaya ba ɗan'uwan nesa ba ne, muharramina ne.

LAHADIN IYAYE MATA

Ana haka sai na ga shaguna sun cika da furanni da katuna. Anti ta ce ai Lahadi mai zuwa, 31 ga Maris, ita ce ranar iyaye mata a Ingila. Yaya ya ba ni tarihinta. Ya ce tasu ta bambanta da ta Amurka. Ta Ingila tana faɗowa ne a Lahadi ta huɗu cikin azumin Kirista na kwana 40, mako uku kafin Ista. A zamanin da, ranar ce mutane ke komawa cocinsu ta asali, kuma a ranar ce ake sallamar yara 'yan aikatau su je su ga iyayensu, su tsinko furen daji a hanya su kai musu. Al'adar ta so ta mutu, sai wata mata 'yar limamin coci mai suna Constance Smith ta tashi farfaɗo da ita daga 1913. Ta Amurka kuwa wata ce Anna Jarvis ta fara a 1908 don tunawa da mahaifiyarta, Shugaba Wilson ya tabbatar da ita a 1914 a Lahadi ta biyu ta watan Mayu. Abin tausayi, ita Anna ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ta ƙare rayuwarta tana yaƙi da 'yan kasuwar da suka mayar da ranar ta cinikin kati. Ƙasashen Larabawa da dama kuma 21 ga Maris suke yi, abin da ya faro daga Masar a 1956.

Na san malamanmu da yawa ba su yarda da keɓe rana irin wannan ba, suna cewa uwa kullum ranarta ce, ni kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Amma na tambayi kaina: ni da nake cewa kullum ranar uwa ce, a cikin kwanakin shekara 41, wace rana ce guda ɗaya na ce wa matar nan na gode? Na kuma tuna labarin Asma'u 'yar Sayyadina Abubakar, wadda mahaifiyarta ta zo mata Madina ba ta musulunta ba, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta da ta sada zumunci da ita. To ni me nake jira?

Ranar Asabar na saci jiki na je shago na sayi fure da kati. A daren kuma aka tura agogon Ingila gaba da sa'a ɗaya kamar yadda suke yi duk ƙarshen Maris, lokacinsu ya zo daidai da na gida. Goggo ta ce, "Yau dai Turawa sun bi mu."

Da safe suka shiga coci, ni na zauna da jaririya. Ta taga ina hango yara suna fitowa da wani fure ruwan ɗorawa da ake kira dafodil, kowa yana miƙa wa uwarsa. Na hango Anti riƙe da nata tana share hawaye. Daga baya ta gaya mini cewa shekara 10 ranar nan ce mafi ɗaci a wurinta, har takan ƙirƙiri ciwon kai don kada ta fito. Ta ce tsofaffin cocin sukan ba ta fure duk da haka, su ce ai ita ma uwar yaran unguwa ce, amma zuciya ba ta jin lallashi. Sai na tuna matan da ke cikin gidajenmu, waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, suna riƙon 'ya'yan wasu, ranar biki kuma a tura su bakin murhu.

Da rana aka haɗu a tebur. Ga tuwo miyar kuka da na tuƙa, ga wani kek na al'adar ranar da wata Baturiya ta kawo, mai ƙwallaye 11 a kansa. Yaya ya ba Mamansa fure, ya ba matarsa. Sai na tashi, ƙafafuna suna rawa, na zagaya na durƙusa a gaban Goggo. Duk maganar da na kwana ina shiryawa ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, na gode. Ki yafe mini."

Ban taɓa kiranta Inna ba sai ranar. Ɗakin ya yi tsit. Kun san halin iyayenmu da kunya. Ta kawar da kai wajen taga, ta karɓi furen tana jujjuya shi, can ta ce, "To wannan kuma miya ake yi da shi?" Aka fashe da dariya, kowa ido jawur. Amma hannunta na hagu yana kaina, kuma yana rawa. Ta ce a hankali, "Tashi, 'yar tagwaye, tuwo zai huce. Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya jiƙan wadda ta haife ki."

BAYAN MUN DAWO

Na yi mako uku na dawo, ita ta zauna har jaririya ta yi ƙwari. Da ta dawo na je Wusasa da yarana duka, na ce ga kakarku. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle, ta ce a saman kabad yake tun ranar da aka tafi da ni, ba ta taɓa bari ya taɓa ƙasa ba. Na buɗe, sai ga ɗan allona.

Daga nan ban ƙara yin wata guda ban je ba. Na kai ta asibiti, na yanke mata farce, na yi mata kitso. Shekara uku Allah Ya ara mini, ta rasu a 2022. Har yau idan na tuna da na ce wa Yaya shago ba zai bar ni in yi rakiya ba, sai gabana ya faɗi.

'Yan'uwana mata, har da ku maza, ba cewa na yi ku sayi fure ba, mu ba al'adarmu ba ce, turmin atamfa ko ƙwaryar goro ma sun fi shi daraja a idon tsohuwa. Abin da nake roƙo shi ne ku bincika. A kusan kowane gida akwai wata goggo, ko inna, ko kishiyar uwa, ko yaya, ko maƙwabciya, wadda ta goya ku, ta kwana a zaune a kanku, ta yi shiru ba ta taɓa gori ba. Ku tambayi manya tun suna raye su gaya muku ko wace ce. Idan kun gano ta, kada ku aika yaro, kada ku tsaya ga waya. Ku je da ƙafarku, ku durƙusa, ku faɗa da bakinku. Za ta kawar da kai, za ta ce ba komai, amma ku faɗa.

Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, waɗanda suka haifa da waɗanda suka rena. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba masu nema, amin.